Macijin da Ke Cikin Wayar Mijin Yaya

Mijin yayata ba ya bari magana ta wuce shi. Ya yi ritaya daga aikin ofis a Kankia, inda ban taɓa jin ya tsinana komai ba sai ɗumama kujera, ya dawo ya naɗa kansa shugabanmu bayan rasuwar Baba. Gonar Inna ta Fakuwa, wadda da ita muke ci, shi ke cewa a yi ko a bari.

Wata bazara ya samo waya mai nuna taurari. In ka ɗaga ta sama sai ta zana dabbobi a kansu. Bayan magariba ya tara mu a tsakar gida, ya nuna mana wani dogon maciji a miƙe ta kudu, da ƙoƙo a gadon bayansa, da hankaka kusa da wutsiya. Na duba sama da idona, ko tsutsa ban gani ba.

Ya karanto mana tatsuniyar mutanen da suka raɗa sunan. Wai an aiki hankaka ɗebo ruwa, ya shantake a bishiyar ɓaure yana jiran 'ya'yan su nuna. Da ya makara sai ya kamo maciji, ya ce shi ya tare shi. Aka gane ƙaryar, aka jefa su sama, maciji na gadin ƙoƙon, hankaka na fama da ƙishi. Labarin malalaci ne mai neman wanda zai ɗora wa laifi. Gogan naka kuwa sai ya haɗa shi da masha-ruwa, macijin da ake cewa yana shanye hadari.

"Inna, kun gani ko? Ga shi nan ya tsare ƙoƙo. Ruwan hwarko yaudara ne bana. Kada a shuka sai ya hwaɗi yamma."

Na tambaye shi tun yaushe macijin yake sama ana shuka ana girbi. Ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ni da 'ya'yana!

Inna ba ta yarda ba, na gani a fuskarta. Amma mijin 'yar fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta musa masa. Da na matsa mata sai ta ce, "Mi za ni ce mashi? Da kunya."

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka shuka, irinmu na zaune a ƙwarya. Har geronsu ya kai gwiwa muna jiran maciji ya kwanta. Muka shuka a makare, ruwa kuwa ya ɗauke namu bai gama ido ba. Wallahi har yau raina na ɓaci in na tuna yadda ya tsaya a bakin gona, ya saɓa babbar riga, ya ce, "Ban hwaɗa maku ba? Ya shanye."

Da kaka wani maƙwabci ya turo amalanke da dammunan gero, ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce zakka ce. Tun da na yi wayo Inna ke fitarwa ta ba wasu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in fita in ce an gode.