Tabon da Ban Taɓa Nuna Mata Ba

Shekara ashirin da huɗu ana yi wa 'yata dariya a gabana ina shiru, kuma duk cikin masu laifin ba wadda nake jin haushi kamar ni kaina.

'Yar fari ce. A gidanmu na Kusfa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta shiga faɗansa. Ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan, haka muka taras. Ni "ke" nake ce mata, in ba ta kusa kuma "yarinyar nan".

Ba da kaina na haife ta ba. Kwana biyu ina naƙuda a ɗakin innata kafin a sa ni a mota. A asibiti aka ce a gicciye take, sai an yi aiki. Aka tsaya jiran babanta ya taho daga kasuwa ya dangwala yatsa, don a lokacin daga ni har shi ba mai rubutun boko. Na farfaɗo da zazzaɓi, ciki a ɗinke. Kwana tara ban ba ta nono ba, madarar gwangwani ta sha, ita ma ana ta yi mata allurai. Da na dawo gida babu wankan jego, likita ya hana ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Mata suka zo barka suna leƙen fuskata.

"Ai ke kin huta," in ji wata. "Barci kika yi aka miƙo miki."

Yarinya ta taso da jiki. Kwano ɗaya suke ci da ƙannenta, su suna nan kamar sillen kara, ita tana ta cika. Gwaggonta, ƙanwar babanta da ke sashen gaba, ita ta laƙaba mata 'Yar Wuƙa. "'Yar Wuƙa, matsa mana, kin tare zaure." "'Yar Wuƙa, tela ya ce a ƙaro yadi." Sai a kwashe da dariya. Ina bakin murhu ina jin komai, muciya a hannuna. Wata rana, tana da shekara tara, na hange ta a bayan randa tana mayar da tuwonta cikin tukunya. Na gani, na wuce.

Sai bayan na aurar da ita na shiga makarantar manya, furfura ta riga ta fara. Karatun ya sha mini kai, amma yanzu ina bi da yatsa a hankali har in kai ƙarshen layi.

Bana ta zo goyon ciki daga gidan mijinta a Gyallesu, watan haihuwa ya kama. Ban tambaye ta komai ba, uwa ba ta yi wa 'yar fari wannan tambayar. Da ta shiga wanka na zaro katin awonta daga jaka. Turancin ya fi ƙarfina. Amma na gane haruffa biyun da aka zagaye da jan biro, irin na tsohon katina ne, wato aiki za a yi mata, kuma na gane kwanan watan da aka ba ta. Ya wuce da kwana uku.

Da la'asar gwaggon ta shigo da wayarta, ta kunna mana wani saƙon murya a tsakar gida. Wani mutum ne ke bayani, wai jariri in ya fito ta hanya yana kwasar wasu ƙwayoyi masu amfani daga jikin uwa, su zauna a hanjinsa suna taya shi sarrafa abinci. Wanda aka ciro ta ciki kuwa ba ya samunsu da wuri, wai shi ya sa wasunsu ke yin ƙiba.

"Kin ji ko, matar yaya?" in ji ta. "Mu mun daɗe muna faɗa, yanzu ga 'yan boko sun biyo mu. Wuƙar nan ce ta kumbura ta."

Yarinyar tana zaune a tabarma, ƙafafu sun haye. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ma na ji shi tun a can, Gwaggo. Shi ya sa ban koma asibitin ba. Da kaina zan haihu. Ba zan haifi wanda za a riƙa korarsa daga zaure ba."

"Yauwa 'yata! Ko a gicciye yake, ungozoma za ta juya miki shi da hannu, sarai."

Ni ban san gaskiyar mutumin wayar ba. Wataƙila ƙwayoyin suna nan. Malamarmu ta taɓa ce mana cikin kowa cike yake da su, kuma nono ma yana kawo nasa. Ban musa ba. Amma surukata, uwar babanta, Allah ya jiƙanta, don ƙiba sai ta karkace take shiga ƙofar ɗaki, ita kuwa a kan tsumma aka haife ta. Abin da na sani tabbas shi ne kwana biyun nan, da yadda ungozoma ta wanke hannu ta ce abin ya fi ƙarfinta. Da ba a yanka ni ba, da babu jikin da za a yi wa dariya, da tare aka rufe mu.

Ban taɓa gaya mata wannan ba. Duk abin da ta sani game da haihuwarta a bakin gwaggo ta ji shi. Ko a ranar ma tashi kawai na yi, na je na ɗora sanwa kamar kullum.

Washegari da hantsi, tsakar gida cike da mata ana rabon koko, na tsaya a ƙofar ɗakinta na kira ta da sunanta na yanka. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Ludayi ya tsaya a hannun gwaggo.

Ta ɗaga labule tana kallona. Na tura ta ciki, na sassauta zanina, na kamo hannunta na ɗora a kan tabon.

"Ta nan kika fito," na ce, "kuma ban taɓa da-na-sani ba. Ɗauko mayafinki."

Na sa katin a jakata tare da biron makaranta don sa hannu a asibiti, na riƙe ta a gwiwar hannu, muka bi lungu a hankali zuwa bakin titi.