Kawu Maiturare, Ka Tafi Zakiru Yana Kan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Rajab 1445, wadda ta yi daidai da ashirin da huɗu ga Janairun 2024, Allah Ya karɓi ran kawuna, Alhaji Abubakar Siddiƙ, wanda duk unguwar Harra ta Gabas a Madina ta sani da Maiturare. Ya dawo daga sallar Azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. An sallace shi a Masallacin Annabi, aka kai shi Baƙi'a.

Kawu, ni ce Radiyya, 'yar ƙanwarka Sabuwa. Ina wannan rubutu, kuma ba baƙin cikin rashinka kaɗai ke damuna ba. Tsoro nake ji. Kai ne mutumin da nake kai wa tsorona, yanzu ban san ƙofar da zan nufa da shi ba.

Sunan Maiturare gado ka yi daga mahaifinka, wanda ya sayar da turare a bakin Harami. Kai ba ka taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Rayuwarka a tashar jiragen ruwa ta ƙare, wadda nan ake cewa mina. Ka fara da dakon buhunan siminti a Yanbu kana saurayi, ka koma Jidda ka zama mai fitar wa 'yan kasuwa kaya. A gabanka kwantena ta zo ta kori buhu, injinan ɗaga kaya suka kori leburori. Ka sha gaya mana cewa jiragen kullum ƙara girma suke, mutanen cikinsu suna raguwa. Ko bayan ka ajiye aiki ka dawo Madina, idan shinkafa ta yi tsada a kanti, matan unguwa kai suke tambaya, kai kuma ka faɗa musu a wace tasha kaya suka maƙale.

Ban manta shekarar da wani mai jirgi ya karye, ya gudu ya bar jirginsa da ma'aikatansa a bakin ruwa ba. Ba albashi, ba abinci, ba izinin sauka. Ba ka san kowa a cikinsu ba, ba Hausawa ba ne, wasunsu ma ba Musulmi ba ne. Amma duk Juma'a sai ka sa matarka, Inna Iyatu, ta cika kuloli da shinkafa da miya, ka haɗa da dabino da katin waya, ka kama hanyar Yanbu a tsohuwar motarka. Haka ka yi ta zarya wata da watanni har aka mai da su ƙasashensu. Da na tambaye ka me ya haɗa ka da su, cewa ka yi ka ga fuskokinsu ne, ka kasa cin abinci.

Lokacin da na zo daga Kano aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Ƙuba, kai ka nemo mini ɗaki kusa da gidanka. Mijina Zakiru kuku ne a jirgin kaya, tun daga Apapa ya fara. Kai ka yi masa hanya ya koma wani jirgi mai jigilar shinkafa daga Indiya zuwa Jidda, don mu riƙa ganin juna. Ranar da ya fara sauka, kai ka kai ni Jidda da kanka, ka zauna cikin mota kana jan carbi har muka gama hirarmu.

Sai ƙarshen bara aka fara kai wa jiragen kaya hari a Bahar Maliya, daga gaɓar Yaman. Na rugo gidanka da waya a hannu. Ba ka ɓoye mini komai ba. Ka ce manyan kamfanoni sun fara kauce wa mashigin Babul Mandab, suna zagaye Afirka gaba ɗaya, ko da tafiyar ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Ka ce kuɗin dako zai tashi, na inshora ma haka, tashoshin wannan yanki za su ga ƙarancin jirage, kowa zai ji a jikinsa har mai sayen mudu ɗaya. Na ce to alhamdulillahi, su Zakiru ma sai su zagaya.

"Radiyya, nasu ba zai zagaya ba," ka ce. "Jirgin ya tsufa, mai shi kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne. Yanzu da manya suka kauce, shi ne zai ci kasuwar. Ta nan za su bi."

Tun daga ranar, kullum na taso daga aiki gidanka nake biyawa. Kai ka koya mini duba jirgi a taswirar waya, ɗan ɗigo yana rarrafe a kan shuɗi. Ka kira tsofaffin abokan aikinka ɗaya bayan ɗaya, har ka samu wanda ya yi magana da wakilin jirgin, aka yarda Zakiru ya sauka idan sun tsaya shan mai a Salala ta ƙasar Oman. Ka kira shi a gabana ka gaya masa. Zakiru ya yi godiya, sannan ya ce shi kaɗai ne mai girki, abokan aikinsa ba wanda aka ba wannan dama, ba zai iya ɗaukar jakarsa ya wuce ta gabansu ba. Na yi kuka, na roƙe ka ka tsawata masa. Ka ce ba za ka ba shi umarni ba, amma za ka sake kiransa kafin su bar Salala, ka lallashe shi a hankali. Wannan kira ne ajali bai bar ka ka yi ba.

Muna zaman makoki, gida cike da mata, jikokinka ana yi musu gaisuwa da Hausa suna amsawa da Larabci, na shiga kicin na duba waya. Ɗigon ya ɓace. Ka taɓa gaya mini wasu jirage sukan kashe na'urar da ke nuna inda suke idan sun kusa mashigin, don kada a gan su. Na san da haka, amma na zauna a ƙasa da wayar a hannu. Ban san ko kashewa suka yi ba, ko wani abu ne ya same su. Na juya zan tambaye ka, Kawu. Wallahi sai da na juya.

Inna Iyatu ce ta same ni a zaune a ƙasa. Matar da aka binne mijinta jiya, ita ta riƙe hannuna tana cewa, "Yi salati, 'yata, yi salati." Daga nan duk wayar da ta yi ƙara a gidan sai gabana ya faɗi. Wata baƙuwa ta ambaci cewa an ce an harbi wani jirgi, ba ta san sunansa ba. Na kasa tambayarta, na kasa barin wurin. Mutane suna ganin kukan rashinka nake, rabin gaskiyar ke nan.

Sai da aka tashi daga zaman makoki saƙon Zakiru ya shigo, da hantsi. Sun wuce. Ya ce sun kwashe tafiyar fitilu a kashe, kowa da rigar ceto a jikinsa, shi kuma yana dafa musu shayi. Ya ce in gaida Kawu, in ce masa addu'arsa ta ci. Bai sani ba. Ni na gaya masa. Da suka iso Jidda bai samu izinin sauka ba, ta waya ya yi wa Inna Iyatu gaisuwa.

Yanzu suna sauke kaya. Da sun gama, ta hanyar da suka zo za su koma, an riga an yi cinikin wani lodin. Kwantiraginsa sai bayan Babbar Sallah. Ban san wa zan kira ba, ban san sunayen abokanka na mina ba, ban san wane labari ne gaskiya wane ne jita-jita ba. Kai kake tace mini su.

Ya Allah, bawanKa Abubakar Siddiƙ ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa maƙwabtakar da ya samu a Baƙi'a ta zame masa ceto. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Iyatu, da 'ya'yansa Nasrullahi da Nadiya, da mahaifiyata Sabuwa a Kano, da duk jama'ar Harra ta Gabas. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya yi wa Kawu addu'a, ina roƙonsa ya ƙara ɗaya ga mutanen da ke kan ruwa. Mijina na cikinsu, jibi za su tashi.