Jurandir Mai Ɗinka Riguna da Ƙyallen Kwale-kwale

Mu biyar Inna ta haifa, ni ce babba, Jurandir ne auta. A Ponta Mansa idan aka haifi namiji ba a tambayar sana'ar da zai yi, teku ce kawai. Yana da shekara goma sha ɗaya Baba ya fara fita da shi kamun kifi. Sau huɗu suna fita, sau huɗu ana dawowa da shi kwance cikin kwale-kwale, ya yi amai har ya galabaita. A na huɗun Baba ya sauke shi a kan yashi, ya dube shi ya girgiza kai.

"Wannan ciyar da kifi ya iya, ba kama shi ba," in ji Baba.

Washegari ya kai shi wurin Seu Anacleto, tsohon da ke ɗinka wa masunta vela, babban ƙyallen nan da ake ɗaga wa kwale-kwale iska ta tura shi. A ƙarƙashin bishiyar kashu tsohon yake aiki, da allura mai kauri da ƙullin zare da ɗan guntun fata a tafin hannu. A nan Jura ya zauna shekara goma sha biyu. Ya koyi ɗinkin da iska ba ta ɓarke shi, ya koyi yin faci yadda ba zai tattare ba, ya kuma koyi yin shiru, domin Seu Anacleto ba ya son surutu. Da tsohon ya rasu, allurorinsa da inuwar bishiyar suka zama na Jura.

Ya gaji sana'ar a lokacin da take mutuwa. Masu hali sun fara saka inji, sauran kuma suka koma sayen vela ta leda daga birnin Fortaleza, wadda ake kawowa a ɗinke. Tsofaffin na auduga sai a naɗe su a jefar bayan rumfa. Jura ba ya iya ganin haka ya wuce. Ya riƙa kwaso su, ya wanke gishirin, ya shanya, ya ninke ya tara a ɗakinsa, har ta kai sai a kaikaice yake shiga.

"Me za ka yi da tsummokaran nan?" na tambaye shi wata rana.

"Ba tsumma ba ne, Yaya Neide. Taɓa ki ji. Shekara bakwai rana da ruwan gishiri suna dukan wannan, ya yi laushi kamar zanen jariri. A kasuwa ba ki samun irinsa."

"To, sai ka ci shi da garin rogo."

Ya ci gaba da ninke ƙyallensa. Haka yake, ba ya musu, ba ya kuma fasa abin da ya sa gaba.

Shekarar da ciwon ƙoda ya kama Inna, Baba ya riga ya rasu. Sau uku a mako nake raka ta asibiti a Fortaleza a wanke mata jini. Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin firji, ita kuwa ba ta taɓa mallakar rigar sanyi ba, don me za ta yi da ita a garinmu? Tana dawowa tana rawar ɗari. Jura ya ji, ya shiga ɗaki ya zaro velar kwale-kwalen Baba, wanda Baban ya raɗa wa sunan Inna, Filomena. Bai taɓa ɗinka riga ba. Ya kwance wata tsohuwar rigarta ya ga yadda aka haɗa ta, ya shimfiɗa ƙyallen a ƙasa ya yanka. Kwana shida yana yi. Ya ninka ƙyallen biyu, ya bar facin da Baba ya yi da hannunsa a kan kafaɗa, ya yi maɓallai da ɓawon kwakwa. A cikin wuyan rigar ya ɗinka sunan jirgin da shuɗin zare.

Inna ta saka, ta daɗe tana shafa facin. Can ta ce, "Ubanku bai iya faci ba har ya mutu." Ta share ido da hannun rigar.

A asibitin nan aka fara tambaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce tana son irinta, sai ƙawarta, sai matar wani likita. Kafin shekara ta zagayo Jura ya kafa igiya kusa da rumfar da nake soya kifi da wainar rogo, yana rataye riguna da siket da jakunkuna. Duka da hannu yake yin su, keken ɗinki bai taɓa shiga ɗakinsa ba. Kowace riga kuma da sunan kwale-kwalen da ta fito a cikin wuyanta.

Masunta suka samu abin dariya. Gogan cikinsu shi ne Mundico, abokin wasansa tun suna makaranta, ƙato mai murya kamar ƙahon mota. Duk safiya idan sun turo jirgi kan yashi sai ya ɗaga murya, yana kiransa Dona, laƙabin da muke yi wa manyan mata.

"Dona Jura! Ina kwana? Ki auna ni mana, siket nake so, mai tsaga har cinya!"

"Sai na haɗa vela uku kafin ta zagaye tumbin nan naka," in ji Jura, ko ɗago kai bai yi ba.

A kwashe da dariya, Mundico ya zo ya ɗauki kifina guda ya wuce.

Mutane suna ɗauka ƙanena ba shi da buri saboda shirunsa. Ni na san yana da shi. Ya ji a rediyo cewa duk shekara ana gasar masu tsara tufafi a Fortaleza, shi da kansa ya sa ɗiyata Luzia ta ɗauki hotuna da waya ta aika. Shekarar farko ba a ba shi amsa ba. Ta biyu aka rubuto cewa aikinsa ya fi dacewa da kasuwar kayan tsaraba. Ya karanta, ya ninke takardar ya saka a aljihu, ranar bai ci abinci ba. Na ce masa ya rabu da su. Ya ce a'a, suna da ɗan gaskiya, rigunansa duk fasali ɗaya ne. Ya shafe shekara yana sayen tsofaffin kwat a gwanjo yana farke su, yana nazarin yadda ake zaunar da kafaɗa da yadda ake fitar da ƙugu. A ta uku aka kira shi a waya. An ɗauke shi cikin mutum goma, ana son kaya kala goma sha biyu nan da wata huɗu.

Murna ta koma tunani, domin ɗakin nan da ke cike ya kusa zama fanko. Abin da ya rage bai fi na riga huɗu ba. Jura ba zai roƙi kowa ba, na san halinsa. Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Da safe ina juya kifi na faɗa wa duk wanda ya zo shan kofi.

Kwana biyu ba wanda ya kawo komai. A na uku Seu Tonico, mai kwale-kwalen nan Gaivota, ya zo da naɗin ƙyalle a kafaɗa ya ajiye gindin kashu, ya ce dama ɓeraye ke kwana a ciki. Bayansa 'ya'yan marigayi Seu Bené suka kawo velar jirginsa Santa Luzia, wadda uwarsu ta adana a ƙarƙashin gado tun rasuwarsa. Kafin mako ya ƙare an haɗa guda tara. Mundico ne kaɗai ya rage mai vela ta auduga da har yanzu ke aiki, ta jirginsa Rosinha, ja-ja saboda rinin ɓawon itace da kakansa ya koya musu. Jura ya daɗe yana kallon velar nan daga nesa, amma bai taɓa furtawa ba.

Ranar Lahadi bayan an fito coci sai ga Mundico yana jan ta a baro.

"Ungo, Dona Jura. Amma wallahi idan ka yi wandon ciki da ita sai na jefa ka teku."

"Kai da me za ka fita gobe?"

"Ina ruwanka? Surukina ya ara min ta leda, mai tallan lemo a jiki. Zan fita kamar shagon sayar da kaya."

Jura ya riƙe gefen ƙyallen, ya sunkuyar da kai. Mundico ya ce, "Kar ka soma yi min kuka a nan, mutane na kallo." Ya juya da baronsa.

Wata huɗun nan ƙanena ya rame. Yatsunsa suka tsattsage, kullum sai na shafa masa man kwakwa. Ni da Luzia muka ɗauki wanki da guga da saka maɓalli, amma allura shi kaɗai. Na taɓa yi masa layi ɗaya don in rage masa aiki, ya duba ya farke a gabana.

Ranar gasar kujera huɗu aka ba mu. Masunta suka yi hayar bas, mutum ashirin da shida, kowa da farar rigarsa ta zuwa coci, da kwandon wainar rogo da tulun kofi. Mai gadin ƙofa ya ce ba wuri. Matar da ke shirya taron ta leƙo, ta ga tsofaffi tsaye cikin rana da huluna a hannu, ta ce a bar su su tsaya daga baya, amma ban da hayaniya. Suka yi alkawari.

Masu tsara kaya shida suka wuce, mutanenmu tsit. Sai aka kira sunan Jurandir Alves. Wata doguwar yarinya ta fito cikin farar kwat mai faci uku a baya. Ba ta kai tsakiyar dandamali ba Seu Tonico ya ƙwalla ihu.

"Gaivota! Wallahi Gaivota ce! Ga inda ƙugiya ta yaga ta nan!"

Shi ke nan alkawari ya tashi. Kowace riga ta fito sai an kira sunan jirginta. "Boa Viagem!" "Estrela!" Da ta Santa Luzia ta fito, matar Seu Bené, wadda ke zaune kusa da ni, ba ta yi ihu ba, ta dai kama hannuna ta matse. Mutanen birni suka fara waiwayowa, wasu na tsaki, wasu na dariya, daga baya suka shiga tafi tare da mu. Ta ƙarshe doguwar riga ce ja-ja har ƙasa. Mundico ya buɗe baki zai kira, sai ya rufe fuska da hularsa. Sai na kusa da shi suka kira masa, "Rosinha!"

Jura bai zo na ɗaya ba. Wani saurayi mai ɗinki da tsofaffin wandunan jins ne ya ci, kuma aikinsa ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Jura aka ba lambar yabo ta aikin hannu, wani allo na katako da sunansa a jiki. Mundico ya ce sam bai yarda ba, a nuna masa alƙalan, sai da mutum uku suka riƙe shi. Da aka miƙa wa Jura abin magana ya tsaya yana kallon ƙasa, can ya ce, "Na gode. Seu Anacleto ne ya koya min. Ƙyallen kuma na waɗancan ne masu ihun." Iyakar jawabinsa ke nan.

Hotonsa ya fito a jarida, aka yi hira da shi a rediyon da ya fara jin labarin gasar. Wata mata mai shago a São Paulo ta biyo shi har gindin kashu, tana son riga ɗari uku kafin ƙarshen shekara. Ya ba ta kujera, na kawo mata kofi, ya ce mata huɗu yake iya yi a wata, idan ya matsa biyar. Ta ce ya sayi keke ya ɗauki ma'aikata, ya rina sabon yadi ya yi kama da tsoho, ba wanda zai gane. Ya ce shi zai gane. Suka rabu lafiya, ta tafi da riga biyu, har yanzu tana aiko saƙo duk shekara.

Yau shekara shida ke nan. Inna ta rasu a ta biyun. Mata uku na unguwarmu suna ɗinki tare da shi, ya haƙura ya koya musu, kodayake har gobe yana farke musu layi. Daga ƙauyukan gaɓar nan ake aiko masa da tsofaffin vela, amma suna ƙarewa, ba wanda ke ɗinka ta auduga kuma. Ya fara saka tabarau, ya ce na karatu ne kawai.

Makon jiya na shigo gida na tarar da shi tsaye gaban ragar lilo ta auduga da nake kwanciya a ciki, wadda na saya tun aurena, yana murza bakinta tsakanin yatsu yana ɗaga ta wajen haske.

"Yaya Neide, shekarar wannan nawa?"

"Talatin da ɗaya. Sakar min kayana."

"Ai tambaya kawai na yi."

"Na san irin tambayarka. Fita."

Ya fita yana murmushi. Da yamma na kwance ta na kai ɗakin Luzia na ɓoye.