Lakar da ta Taɓa Bayan Baffa

Jiya da la'asar na ratsa ta bakin kasuwa, wani mai kilishi yana gashi, ƙanshin labu da kitse ya dake ni a hanci. Na tsaya cik a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya tambaye ni ko a gado aka bar mini titin. Ni kuwa a lokacin ba na wurin. Ina can Zango, cikin gidan da aka haife ni, zamanin da Nasara ba su daɗe da kafa barikinsu a Damagaram ba.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakana mahauci, babana mahauci. Ni kaɗai aka yi asarata aka kai lakwal, wato makarantar Nasara, saboda kwamandan bariki ya ce kowace unguwa ta kawo yaro, aka duba aka ga ni ne ko ƙafar akuya ba na iya riƙewa. Abin da na fi tunawa da gidan shi ne kaka. Gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta yi araha, manoma sun samu abin sayen nama. Tsakar gida cike da kilishi a shanye bisa karan dawa, angulaye jere a kan katanga kamar masu jiran shari'a. To a wannan lokacin ne kalangu ke tashi, kuma in kalangu ya tashi, hankalin gidan duk yana kan Baffa.

Baffa yayan babana ne. Ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure, ga sanyin magana kamar mai tsoron tayar da jariri. Ya yi dambe a Guna, ya yi a Garagumsa, ya yi a duk garin da ake buga kalangu a ƙasar Damagaram, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ba shi da rawar ƙafa. Yakan tsaya ne ya miƙa tafin hagu, ya ja damansa baya, ya yi ta jira har abokin karawa ya gaji da tunanin kansa. Daga nan naushi guda, a watse.

Bari in yi maka bayanin dambenmu, don a kan dokarsa labarin nan ya rataya. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare. In gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka, magana ta ƙare, ba ka tashi ka ce a sake. Wanda ya yi kisa kuwa juyawa yake ya nufi makaɗinsa. Ba ya waiwaye, don tsayawa kallon mutumin da ka kayar cin fuska ne. Makaɗin Baffa wani tsoho ne siriri mai haƙori guda a gaba, ya yi masa kirarin da ko matan da ke daka sun haddace: “Ƙasa tafin ƙafarka kaɗai ta sani.” Wannan ƴar jimla ita ce dukiyar Baffa. Gona ba shi da ita, doki ba shi da shi.

Wata shekara, lokacin bikin da Nasara ke yi tsakiyar damina, labarin Baffa ya kai kunnen kwamanda. Yana da wani soja baƙar fata daga ƙasashen yamma, wanda ya je yaƙin ƙasar Nasara ya koyo damben can. Aka aiko wa Sarkin Fawa cewa ana son a ga su biyun. Tsofaffi suka yi gunaguni, wai wane irin dambe ne gero bai ko yi bunni ba. Amma saƙon bariki ba a mayar da shi. Babu kuma wanda ya zauna ya yi bayanin doka, domin kowane ɓangare ya ɗauka dambe iri ɗaya ne a duniya, wato nasa.

An yi ruwa da safe, filin da danshi. Aka kewaye wuri da igiya kamar za a ɗaure maruƙa. Sojan ya fito hannuwansa biyu cikin jakunkunan fata, yana tsalle-tsalle kamar fara. Baffa ya miƙa hagunsa ya tsaya. Sojan ya taɓa shi nan, ya taɓa shi can. Sai muka ji tim, sai ga soja zaune dirshan a ƙasa. Fili ya ɗauki ihu, kalangu ya kece, Baffa ya juya ya nufi makaɗinsa.

Wani Nasara ya sunkuya kan sojan yana kaɗa yatsa yana magana. Mu duka mun ɗauka faɗa yake masa don ya ba su kunya. Ashe ƙidaya yake. Kafin ya kai goma sojan ya miƙe, ya tarar da Baffa yana ɗaga igiya zai fita, ya sakar masa hagu a ƙarƙashin kunne. Baffa ya faɗi da baya. Nasaran ya dawo kansa da yatsar nan. Baffa ya tashi zaune, idonsa biyu, ƙarfinsa na nan, amma bai miƙe ba, domin a wurinmu wanda ya taɓa ƙasa ba ya tashi ya ci gaba. Yana zaune yana kallon yatsa har aka gama ƙidaya aka ɗaga hannun soja. Ka ga ke nan dokarmu ta kayar da shi sau biyu a rana ɗaya.

Da muka koma gida matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗebo ruwa a ƙwarya tana wanke masa lakar baya. Ba ta ce masa sannu ba. Cewa ta yi, “Bayan nan naka ya cika faɗi, ruwan tulu guda zai cinye mini.” Shi kaɗai ya yi dariya.

Damina ta ƙare ana gardama. Sarkin Fawa ya yanke cewa Baffa ya riga ya yi kisa, abin da ya biyo baya duka ne, ba dambe ba. Mutanen Zango suka bi shi. Mutanen Garagumsa kuwa, da yake suna da nasu ƙaton da suke son a sa gaba, in sun shigo cin kasuwa sai su tsaya gaban rumfarmu su ce, “Mu dai ba mu san doka ba, amma mun san laka.” Babana ya sha ɗaga wuƙa yana ajiyewa.

Kaka ta zagayo, aka buɗe fili a Zango, mutanen Garagumsa suka zo da ƙatonsu. Tsohon makaɗi ya matse kalangu ya ɗauko kirarin nan da ƙarfi fiye da kullum. Baƙi suka hau ihu, namu suka fara naɗe hannun riga. Sai Baffa ya tako ya ɗora hagunsa a kan fatar kalangun.

“Tsoho, cire wannan.”

“Haba ƙato! Ai ba a dambe ka faɗi ba!”

“To a sama na faɗi? Ƙasa ta ga bayana, kowa ya ga ta gani.”

“In na cire me zan ci da shi? Shekara nawa da shi nake ciyar da gida!”

“Ka ce na kashe na juya. Yau ma in na kashe, juyawa zan yi.”

Turmin farko bai ƙare ba ƙaton Garagumsa ya dafa ƙasa. Na kafa wa wuyan Baffa ido, don na tabbata wannan karon zai ɗan saci kallo. Mutum ne, an taɓa yi masa. Ya taka har gaban makaɗi, wuyansa bai motsa ba.

Masu auna ƴan dambe har yanzu suna da abin cewa a kansa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Sun ce naushi ɗaya ya iya. Gaskiya ne, sai dai ban ga wanda ya tsaya ya nemi na biyu ba. Sun ce akwai wani a zamanin sarakuna, kafin Nasara, da ya fi shi. Mai yiwuwa ne, amma wancan babu mai rai da ya gan shi, kuma na lura mutumin da ba a gani ba kowace shekara ƙara tsawo yake. Sun ce ya faɗi. Wannan shi da bakinsa ya riga su faɗa.

Yanzu rediyo na kawo mana labarin manyan ƴan damben ƙetare, tsofaffin ɗalibaina suna zuwa mini da hotunansu a jarida, kowa da ɗamarar zinariya, su tambaye ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, “Mushe, wa ya fi kowa?” A filinmu na gida ma an samu alƙali mai usur. Na je kallo bara. Yaron da ya yi kisa da baya-baya ya ja, idonsa kan wanda ya kayar, hannunsa a ɗage har ya kai wurin makaɗi. Ban ga laifinsa ba, duniyar da ya tarar ce ta koya masa. Na ƙare ƙarfina a aji ina yabon yaran da ke ɗaukar darasi da wuri. Amma in aka ce in jera ƴan damben Damagaram, wanda nake sawa a gaba shi ne mutumin da aka ba darasi a ƙarƙashin kunne, gaban gari duka, ya fahimce shi sarai, ya ƙi ɗauka.