Fitilar Motata Tana Kallon Hagu: Daga Anka Zuwa Gummi

Anka, ƙarfe shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba na tayar da mota. Ni da Inna ne, za mu Gummi duba ƙanwarta da ke kwance ba lafiya. Motar kuwa Yaya Sani ne ya aiko mini da ita daga Ingila, inda yake karatu. A Legas aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu, kuma tun da ta iso ban taɓa fita da ita cikin duhu ba.

Ba mu yi mil uku ba wata a-kori-kura ta taho, ta dalle ni da fitila sau biyu. Na duba, ƙaramar wuta na kunna. Mota ta biyu ma haka ta yi, direban ta uku har da leƙo kai ya yi zagi. Inna ta tambaya ko mun taɓa faɗa da mutumin, na ce ban ma san shi ba.

A shingen 'yan sanda, wanda ya tsayar da mu ya kare idonsa da hannu, ya ce in rage wuta. Na ce a rage take. Ya zuro hannu ya murɗa makunnin fitilar da kansa, ya koma gaba ya duba, ya girgiza kai, ya ce mu wuce.

Kusa da Nasarawar Burkullu, shida da minti ashirin

A nan abin ya daina ba ni dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya taho, ya goyo wata Bafulatana da ƙwaryar nono. Muna gab da haɗuwa sai na ga ya karkace, ya gangara kwari. Na taka birki na fita da gudu. Matar ba ta ji ciwo ba, amma nonon ya zube, shi kuma ya gurje gwiwa sosai. Da yake aikin asibiti nake, akwai auduga da aidin a mota, na wanke masa na ɗaure.

"Malam, ban ga hanya ba," in ji shi. "Wutarka cikin idona ta shiga."

Inna ta yi ta ba matar haƙuri da ɗan Fillancin da ta iya, na biya ta nononta. Ban sake motsawa ba sai da gari ya waye. Mun sha koko da ƙosai na naira ashirin a bakin hanya, ina ta kewaya motar ina leƙen fitilun, ban ga komai ba.

Gummi, tara saura

Mun tarar da mai jiki da sauƙi, har tana zaune. Na bar Inna wurinta na nufi tasha. Duk wanda na yi wa bayani sai ya ce in nemi Baba Labbo, tsohon direba da ya koma gyaran wayar mota. Na same shi yana feƙe wata waya da haƙori. Ya saurare ni, ya tambayi inda motar ta fito, ya yi murmushi.

Ya sa na shigar da ita wani tsohon sito, aka ja ƙofa, ya ce in haska bango. Sai ga abin a fili: hasken ya kwanta a dama, amma a hagu ya ɗaga sama kamar an jingina tsani.

"Ka gani? Can hagu suka bi," in ji shi. "An yi ta don ta haska musu gefen hanya. Nan kau gefen nan shi na idon mai tahowa. Sun juya maka sitiyari, sun mance da fitila."

Ya ce shi ma a hagu ya koyi tuƙi, kafin ƙasar nan ta canza hannu, kuma sun sha wannan wahalar a lokacin. Na tambaye shi ko ƙwan fitilar za a canza, ya ce ba ƙwan ba ne, zanen da ke jikin gilashin ne. Ya nuna mini wata 'yar kusurwa da layukanta suka karkata, ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, yana liƙawa yana duban bango, har tsanin nan ya ɓace. Sannan ya ɗan sunkuyar da fitilun da sukurdireba. Ya ce haske zai ragu, in riƙa tafiya a hankali, in na shiga Sakkwato in nemi fitilu irin namu.

Komowa

Na so mu taso da la'asar, amma hirar 'yan'uwa ta hana, sai biyar da rabi. Mun yi magariba a Daki Takwas. Da na hango fitilar farko tana tahowa, na ƙanƙame sitiyari. Babbar mota ce shaƙe da buhunan gero. Ta rage wutarta, ta wuce abinta. Ta biyu ma haka. Na ji Inna ta sauke numfashi, ashe ita ma ƙirga su take yi.

Mun shiga Anka takwas da kwata. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, kuma bai sa na zama sanadin ran kowa ba. Allah ya saka wa Baba Labbo da alheri. Inna ta fito tana ɗingisa ƙafar da ta sage, ta tsaya gaban motar, ta shafa salatif ɗin da yatsa.

"To, baƙuwa," ta ce, "yau kin koyi sunkuyar da kai gaban mutane."