Ranar da Gidan Marlys Ya Yi Tsit

Shekara ashirin da shida Marlys Hovland ta yi tana tuƙa bas ɗin makaranta mai bi ta gonakin arewa da gari. Ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, ita ma ba ta taɓa rasa yaro ba. Duk wanda ya shiga motarta yana ƙarami zai gaya maka abu biyu: ba ta murmushi kafin ƙarfe tara, kuma ba ta tayar da inji sai ta zagaye motar da ƙafa, ta duƙa ta leƙa salansa, wato bututun hayaƙin motar.

Dalili kuwa, tana sabuwar direba guguwar ƙanƙara ta jefa ta rami da yara goma sha bakwai. Awa biyar suka yi a wurin. Kowane rabin awa sai ta fita ta tone ƙanƙarar da ke toshe salansa da hannunta, don in hayaƙin ya rasa hanya ciki yake komowa, kuma ba ya wari, ba a ganinsa. Tun ranar yatsunta biyu na hagu ba su ƙara jin komai ba. Abin da ta fito da shi daga ramin nan ɗaya ne: yaran da ke ihu lafiyarsu ƙalau, in mota ta yi tsit a tsaya a duba.

Da ta ajiye aiki sai ta mayar da zagayen kan gidanta. Kullum da safe, kafin kofi, za ta bi bango har gefen arewa, inda farin bututun injin ɗumama gida ya fito daidai gwiwa. Ta nan injin ke fitar da hayaƙinsa. Ta share bakinsa ta dawo.

A Disamban bara ta zame a ƙofar coci ta karya ƙugu. 'Yarta Renae da mijinta Curtis suka tattaro 'ya'yansu mata biyu, Kendra mai shekara goma sha ɗaya da Joelle mai biyar, suka dawo gidan don su kula da ita. Zagayen safe ya koma hannun Curtis. Babu tagar da ke kallon bangon arewa, sai ta banɗaki, ita ma sanyi ya shafe ta fari.

A Janairu aka rufe makarantu. Farko don ƙanƙara, sannan don sanyin da ke daskarar da man bas, sannan bututun ruwan makarantar ya fashe. Kowace yamma saƙo ya shigo waya: gobe ma babu. Renae tana aiki a gidan kula da tsofaffi can bayan gari, da aka rufe hanya sai ta maƙale a can, tana kwana a kan kujera. Curtis kuwa a teburin cin abinci yake aikinsa, yana magana da manoma ta waya daga safe har yamma, yaran na tsere a bayansa.

An yi wasan kati har katin ya yage. An yi taliya da cuku sau bakwai. Joelle ta aske wa 'yar tsanar Kendra kai, Kendra ta kulle Joelle a kabad.

"Ka duba bututu?" Haka Marlys ke gaishe da surukinta kowace safiya.

"Ina kwana, Marlys. Na tashi lafiya, na gode da tambaya."

"Ban tambayi lafiyarka ba, ga ka nan a tsaye. Bututu."

"Na duba."

"Da ido ko da zuciya?"

"A gona aka haife ni, baiwar Allah. Ba jiya na fara ganin ƙanƙara ba."

Gaskiya ya faɗa. A gidan gona ya tashi, inda ubansa ke tara ƙanƙara a jikin bango ko'ina don ta tare iska, gidan ya riƙe ɗumi. Dabara ce mai kyau a gidan da hayaƙinsa ke fita ta saman rufi. Kuma a nan ba a watsa wa maƙwabci ƙanƙara a hanyar motarsa, rashin tarbiyya ne. Saboda haka duk safiyar da Curtis ya fito da injin share hanya, sai ya juya bakinsa wajen gidan, ya cika wa bangon arewa. Kwanakin farko yana tone rami a bakin bututun. Da tulin ya kai ƙirji sai ya riƙa hangen tururi daga nesa, in ya gani ya ce ya duba.

A kwana na shida da rufe makarantu, 'yar na'urar da ke maƙale a bangon falo, mai kuka in iskar gida ta gurɓace, ta fara ƙyas-ƙyas na batir ya yi sanyi. Curtis yana tsakiyar waya. Ya cire ta ya jefa a aljihun tebur, da niyyar sa sabo in ya gama. Batiran gidan duk sun ƙare a fitilun da yaran ke wasa da su a cikin bargo. Marlys tana ɗaki lokacin, ba ta gani ba.

A kwana na goma Marlys da Curtis suka yi faɗa. Ta ce ya riƙe ta ta fita ta gani da idonta. Ya ce sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri, ba zai fitar da tsohuwa mai karyayyen ƙugu don ta gaishe da bututu ba.

"Gidana ne."

"Na sani. Kina faɗa kafin kowane abinci, kamar addu'a."

Kendra ta yi dariya, Marlys ta kalle ta, dariyar ta mutu. Daren ranar iska ta juyo daga arewa.

Washegari bayan abincin rana Marlys tana zaune a kujerarta, kanta na sara. Ta ɗora laifin a kan maganin ƙugu. Can ta lura tana jin agogon bango, wanda kwana goma sha ɗaya ba ta ji ƙararsa ba. Joelle tana kwance a kan kafet, fensirin zane a hannu. Kendra ta kifa kai a hannun kujera.

"Ke Kendra."

"Kaka, kaina ke ciwo. Bari in ɗan kwanta."

"Ƙanwarki fa? Yaushe rabon ta da barcin rana?"

Daga teburinsa Curtis ya ɗaga hannu. "Don girman Allah, Marlys, kar ki tashe su. Yau ne kawai na samu na ji abin da nake faɗa."

"Kai naka kan fa?"

"Kwana goma sha ɗaya a gidan nan, kan wa zai zauna lafiya?"

Mutum huɗu, ciwon kai uku, ta huɗun ba ta motsi. Marlys ta ɗaga ido wajen bangon falo. Ƙusa ce kawai a wurin.

Ta kama ƙarfen da take dogarawa wajen tafiya ta miƙe. Ƙugun ya soke ta har wuya, ba ta kula ba. Muryar da ta fito ba ta kaka ba ce, ta bas ce, wadda ke kaiwa kujerar ƙarshe.

"Kowa waje! Yanzu! Kendra, takalmi da riga, kar ki ɗaura komai. Curtis, ɗauki yarinyar nan."

"Kin san sanyin da ake yi kuwa? Minti goma fata ke..."

"Gidan maƙwabciyarmu Arlene taku ashirin ne. Ina na'urar bango?"

Ya miƙe don ya ci gaba da gardama a tsaye, sai ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya dafa tebur, kofin ya kife a kan takardunsa. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani.

"Ɗauke ta," in ji Marlys.

Wannan karon ya ɗauka. Kan Joelle ya faɗa baya, hannunta na lilo. Marlys ta ja ƙarfenta har ƙofa ta buɗe ta wangale, iska ta mari fuskokinsu. Ta tura Kendra gaba. "Ki buga ƙofar Arlene da ƙafa. Ki ce ta kira 'yan kwana-kwana da motar asibiti, ki ce hayaƙin inji ne. Maimaita."

"Hayaƙin inji."

"Gudu."

Matakala uku ne daga ƙofar zuwa ƙasa, Marlys ba ta sauka ta kansu ba tun Disamba. Ta jefa ƙarfen ƙasa, ta zauna ta sauka da gindi, silifas ɗaya ya tsaya a sama. Curtis yana gaba yana tangaɗi, yana kiran sunan yarinyar, ba amsa.

"Kar ka tsaya! Buɗe mata fuska ta sha iska. Mintsine ta!"

"Ba ta..."

"Na ce mintsine ta, ba lallashi na ce ba!"

Sun kai tsakiyar hanyar motar Arlene, maƙwabciyar da Curtis bai taɓa watsa wa ko cokali ɗaya na ƙanƙara ba, sai Joelle ta yi tari, ta amayar da taliya a kafaɗar ubanta, ta tsala ihu. Marlys tana zaune a ƙasa da ƙafa ɗaya babu takalmi. Ta saurari ihun sosai, sannan ta ce a zo a ɗaga ta.

'Yan kwana-kwana sai da suka tona tsawon hannu biyu kafin su samu bututun, bakinsa ya toshe da ƙanƙara kamar an yi masa murfi. Sun ce ya kamata injin ya kashe kansa. Bai kashe ba.

A asibiti aka jera su huɗu, kowa da robar iska a hanci. Renae ta iso a motar share hanya, ta duba 'ya'yanta, ta dubi mijinta, ba ta yi masa magana ba sai bayan kwana biyu. Curtis ya juyo daga gadonsa.

"Marlys, ni..."

"Na gaya maka sau goma sha ɗaya. Ka ƙirga."

"Na ƙirga."

"Daga yau kai za ka riƙe ni, ni zan duba."

Haka ake yi har yanzu. Ƙarfe bakwai za ka gan su suna bin bango, shi da shebur, ita da sanda.

Kafin a sallame su a ranar, yaran sun farfaɗo har sun fara faɗa a kan wa za ta danna maɓallin ɗaga gado. Wata nas ta leƙo ta ce a rage surutu, akwai marasa lafiya.

"Ƙyale su," in ji Marlys.