Tallar da na ƙi saukewa kafin girbi

Shekarun baya ne, shekarar da aka rufe masallatai saboda cutar korona, aka kuma rufe iyakoki har 'yan ci-raninmu suka kasa dawowa gida shuka. A wannan shekarar na sayar da ragon layyata saboda wata talla da kayanta sun riga sun ƙare. An yi mini dariya a Filinge, kuma har yau idan aka tada maganar ba na sunkuyar da kai.

Ga waɗanda suka same mu daga baya, wannan shafi da kuke karantawa na buɗe shi ne don 'yan ƙasarmu ta Kurfai da ke waje, na Akara da Kwatano da Abijan. Ni ba ɗan lakwal ba ne, ban shiga ajin boko ba. Allo na yi, boko da girma na tsince shi, kuma har gobe sai na rubuta abu da ajami a takarda kafin in juya shi a salula da yatsa ɗaya. Abokina da ke Yamai, wanda ya san na'ura, shi ya gina mini shafin. Abin da nake sawa bai wuce kuɗin tiyar hatsi ran kasuwa ba, da inda aka yi ruwa, da wa aka haifa, da wa ya riga mu gidan gaskiya.

Shafi yana da haya kamar shago. Sau ɗaya a shekara ake biyan kamfanin da ke riƙe da shi, in ba a biya ba su rufe. Don a samu kuɗin, abokina ya haɗa ni da tallar da ke zuwa da kanta daga waje: ba ka san mai ita ba, bai san ka ba, ana ba ka ɗan abu gwargwadon masu kallo. Muna nan a haka sai na sa ta'aziyyar wani dattijon unguwarmu. Ɗansa ya kira ni daga Kwatano, ya ce in duba abin da ke ƙarƙashin sunan mahaifinsa. Na duba. Tallar caca ce, da hoton wata mace da ba zan siffanta ba. A ranar na sa abokina ya cire su duka.

"To Malam," in ji shi, "da mi za ka biya haya? Da tasbaha?"

Na ce zan sayar da wurin tallar da kaina, ido da ido, in san wanda ya hau shafina in san abin da yake sayarwa.

"A Filinge? Allah Ya ba da kasuwa." Yana dariya ya kashe.

Kasuwa uku na yi ina bin rumfuna da salula a hannu, ina nuna wa mutane wani farin fili a saman shafi ina cewa na haya ne. Wani mahauci ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko wurin akwai inuwa. Babu wanda ya saya.

A kasuwa ta huɗu wani tsoho ya riƙe mini hannun riga. Daga wani ƙauye yake a gabas da gari, cikin mutanen da suka tsaya kan addinin kakanni, ba ya sallah kuma bai ɓoye ba. An san shi da irin hatsi mai saurin nuna, wanda yake zaɓen zangarniyarsa tun a gona kamar yadda kakansa ya yi. Ɗansa da ke Akara ne ya faɗa masa labarina.

"Kai ne mai gonar da 'yan ci-rani ke leƙawa?"

Na ce ni ne, Baba.

Ya ce bana maza ba su dawo ba, kuɗi za su aiko, mata su sayi iri. Yana so a gaya musu inda yake zama. Ba shi da salula, don haka a rubuta kawai: gindin gawo, bakin 'yan hatsi, ran kasuwa.

"Wurin naka, jingina ne ko aro?"

"Haya ce, Baba. Wata-wata ake biya."

"Ban san wata-wata ba. Daga shuka zuwa girbi, shi na sani."

Na yarda, don babu mai so sai shi. Ya biya da tiya goma ta hatsi, na ba shi saman shafi, wurin da ido ke fara sauka. Na zaro takarda ina rubuta yarjejeniyar da ajami, ya dube ni ya ce, "Rubuta don kanka. Ni na ji."

Abin da ya biyo baya ni kaina ya ba ni mamaki. Maza suka riƙa kiran gida suna cewa a je gindin gawo. Kafin ruwan shuka ya sauka irin Baba ya ƙare ƙaf. Aka yi shuka, hatsi ya fito, tallarsa na nan a sama tana kiran mutane zuwa ga irin da babu.

Sai ga wani Alhaji, babban ɗan kasuwa mai sayar da taki da siminti da kwanon rufi, ya aiko a kira ni. Ya lura da matan da ke tambayar gindin gawo, ya bi sawu har ya gano ni. Ya ce yana son saman shafin na shekara guda, kuma kuɗin da ya ambata sun isa hayar shekara biyu. Sharaɗinsa ɗaya: a sa tasa yanzu, kafin layya, lokacin da 'yan ci-rani ke aiko kuɗi. A lokacin saura kwana goma hayar shafi ta cika, abokina na kirana safe da yamma, ni kuma ba ni da ko rabinta.

Na ce akwai mai wurin har girbi.

"Wane mai wuri? Irinsa ya ƙare, mi yake talla? Kuma kai malami, sunan azne a goshin shafinka, ba ka jin kunya?"

Zan faɗi gaskiya tunda ta wuce: maganar ta yi mini daɗi, don ta ba ni hujja mai kama da addini a kan abin da aljihuna ke so. Washegari da safe na auna tiya goma a buhu, na ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, na kama hanyar ƙauyen in mayar wa tsoho abinsa.

Na same shi a gona yana noman farko. Muka gaisa, ya ba ni ruwa a gora, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga magana. Na ce Baba, alhamdulillahi iri ya ƙare, talla ta yi aikinta, ga wani yana son wurin.

Ya jingina hauyarsa. "In ka ara wa mutum gona ya shuka, kana amshe ta hatsi na tsaye?"

"A'a, Baba. Amma kai ai ka riga ka sayar."

"Na sayar, ban girbe ba. Mata sun amshi irina ba su gan shi a gona ba, mazansu sun biya ba su ga idona ba. Sunana suka gani wurinka suka yarda. Yanzu iri na ƙasa. In ya yi, sun sani. In bai yi ba, ina za su same ni? Ka sauke ni yau, gobe a ce tsohon ya kwashe kuɗin mutane ya ɓace. Bar sunana tsaye inda suka gan shi, har kowa ya ga abin da ya shuka. Mai ƙara ya zo gindin gawo, ina nan."

Ni da nake tsammanin talla kira ce kawai, a zo a saya, ban taɓa tunanin tana iya zama tsayawar mutum a bayan kayansa ba. Na yi shekaru ina karantar da yara cewa cika alkawari wajibi ne, ga shi wanda ba ya alwala yana maimaita mini darasin a tsakiyar gona. Ban kwance buhun ba. Na yi sallama na juyo da shi.

Kai tsaye shagon Alhaji na nufa, tun kafin zuciyata ta sake lissafi. Na ce masa saman shafi ba ya samuwa sai bayan girbi. In yana son ƙasa da shi, bismillah.

"Ni a ƙarƙashin ɗan bori?"

"Shi ya riga ka zuwa, Alhaji."

"Na ninka kuɗin."

"Ko ka ninka sau goma. Ba nawa ba ne yanzu, balle in sayar."

Alhaji ya juya ga mutanen da ke zaune a bencin shagon. Ya ce shafin nawa kwana nawa ya rage masa, ai ya ji labari. Ya ce in an rufe shi sai in rubuta farashin hatsi a allo in aika Akara. Aka yi dariya. Na ce ko an rufe, za a rufe shi da sunan tsohon a sama. Na fita ban san inda zan samo kuɗin ba.

Abokina da ya ji ya ce, "Kai dai ba ka da lafiya. Wurin ga hwa ba gona ba ne, ko ƙasa babu. Minti ɗaya in sauke shi, tsohon bai ma iya karatu ba, ina zai sani?"

Na ce ni na sani.

Abu ɗaya nake da shi da zai kai kuɗin: ragon da mai ɗakina ta yi wata bakwai tana kiwo da dusa da harawa don layya. Na zaunar da ita na faɗa mata komi, har da tafiyata gona da buhu. Da na gama ta ce, "Malam, wato mu za mu ci alkawari ran sallah?"

Na ce layya sunna ce ga mai hali, alkawari kuwa ba a ce sai mai hali ba.

"Wannan ka faɗa wa almajiranka. Ni ka faɗa mini abin da zan ce wa maƙwabta." Ta tashi ta shiga ɗaki. Amma ran kasuwa ita ta kwance ragon da hannunta ta miƙo mini igiya, ta ce kada in yarda dillalai su cuce ni, ta san abin da ya ci.

Na sayar, na aika wa abokina kuɗin, shafi ya tsaya. Ran sallah gidanmu babu hayaƙi. Maƙwabta suka aiko nama, Allah Ya saka musu, amma da naman aka aiko da magana. A bakin masallaci wani ya ce bana Malam intanet ya yanka. Wani ya ce a'a, ya yi wa azna layya ne. Na ce musu duka na ji, kuma in za a sake, haka zan sake.

Wata biyu da wani abu tallar nan ta ƙara yi a sama bayan sallah, ba ta kawo mini ko dala. Baba kuwa duk ran kasuwa yana gindin gawo, ba buhu ba mudu, zaune kawai. Mutum ɗaya ya zo da ƙara, wata mata daga wajen garin Damana da ta ce rabin abin da ta shuka bai fito ba. Mijinta ne ya duba shafi daga Abijan ya ce mata tsohon na nan, ta je. Bai yi gardama da ita ba, ya ce in an yi girbi ta zo ta ɗauki damma biyu a gonarsa. Ta zo ta ɗauka.

Alhaji bai dawo ba, har yau, kuma ban je neman sa ba. Wasu ƙananan 'yan kasuwa sun zo daga baya, mai gyaran moto, mai ɗinki, mai kai saƙo Yamai. Ba su sa na yi arziki ba, suna dai biyan haya. Har yanzu abokina na cewa da na bar tallar waje da na fi haka samu, kuma na san gaskiya ya faɗa. Sai dai duk wanda kuka gani a saman shafin nan na san gidansa, kuma kafin in karɓi kuɗinsa nakan tambaye shi ko zai zauna a same shi in kayansa suka ba da matsala. Wanda ya yi jim, ba ya hawa. Ba a littafi na koyi wannan tambayar ba.

Bayan an gama girbi, wata ran kasuwa da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Baba ne da jaki, da damin hatsi guda. Ya sauke shi a zaure ya ce, "Na girbe. Amshi gonarka."

Na ce ai ya riga ya biya tun farko, wannan na mene ne?

"Wanda aka ara wa gona yana kai wa mai ita dami, don a san gonar ba tashi ba ce. Haka muka taras."

Na ce to Baba, ni ma akwai abin da ke wuyana. Ranar da na same ka a gona, ba shawara na zo yi ba. Korar ka na zo yi, har da hatsinka a bayan moto. Ka yafe mini.

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Na ga buhun tun kana nesa, Malam. Ka zo da shi, ka koma da shi. Ba ka da komi wurina, ba ni da komi wurinka."

Mai ɗakina ta aiko masa da fura. Ya sha, ya kama jakinsa ya tafi kasuwa. Da ya fita na kira abokina na ce yanzu ya sauke tallar.